Kwalliyar da Na Yi Wa Shaton Madam Odil

Tun da na dawo Potiskum babu majalisar da zan zauna ba a ce mini, "Idi, ba mu labarin fadar nan da ka zauna a Turai." Laifin hoton nan ne da na saka a waya, ina tsaye gaban hasumiya, hannu a aljihu, kamar ni na gina ta. Hoto ba ya ɗaukar wari, shi ya sa kuke sha'awa. To yau zan faɗe shi gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba, don na gaji da maimaitawa shayina yana hucewa.

Ƙwallo ce ta kai ni Faransa. Kun san ni, ƙafar hagu. Da rana ina garejin manyan motoci wajen Oga Modu mai zane, muna zana zaki da mikiya a bayan tirela, da yamma ina fili. Sai wani mutum da muke kira Koci ya ce akwai kulob da ke neman irina. Ba zan tsaya kan yadda aka yi aka tafi ba. Baffana dai har yau in ya ga farin bijimi sai ya juyo ya harare ni.

Masaukinmu na farko wani otal ne a bayan tashar jirgin ƙasa, a babban birninsu. Mu huɗu da Koci ya kwaso a ɗaki ɗaya, katifar tana warin ƙafar wani bawan Allah da ba mu taɓa haɗuwa ba. Koci ya ce mu huta, zai je ya sayo mana layin waya. Ina jin shagon da nisa, don har na baro ƙasar bai dawo ba.

Da mai otal ya kore mu kowa ya kama gabansa. Ni na yi ta zaga tasha da takalmin ƙwallo rataye a wuya, ina kallon mutane suna cin burodi a tsaye kamar ana korarsu. A nan na ji wani dattijo yana zagin tattabaru da Hausa. Ban san sanda na isa gabansa ba.

"Baba, sannu da hutawa."

Ya dube ni daga takalmin wuyana har silifas ɗin ƙafata. "Ɗan Najeriya ne wannan. Ƙwallo ko karatu?"

"Ƙwallo, Baba."

"Ina mai kawo ku?"

"Ya je sayo layin waya."

"Duk can suke zuwa," in ji shi. Ya raba burodinsa biyu ya miƙo mini babban.

Sunansa Malam Issufu, mutumin Damagaram, leburan gini ne, ya daɗe a can. Ya kai ni ɗakinsa, ɗakin da in ka miƙe ƙafa sai ka nemi izinin ƙofa. Ya gaya mini gaskiya: bizata ta kusa mutuwa, birni kuma cike yake da masu tambayar takarda. Ya ce in tafi ƙauye, ana tsinkar tuffa, can ba a cika tambaya ba.

Gonar tuffa ita ce zango na biyu. Can ma an cuce mu, sai dai cikin ladabi, don mai kula da mu yana murmushi yake rage mana akwatunan da muka cika. Muna kwana a wata tsohuwar kwantena da wasu ƙarti da ba na jin yarensu, amma minsharinsu iri ɗaya ne da na mutanenmu na Danchuwa. Tuffa da safe, tuffa da rana, har cikina ya fara magana da kansa. Abin da na fi kewa ba ma tuwo ba ne. Hon ɗin tirela ne. Ƙauyen shiru kamar an yi rasuwa, ni kuwa na tashi a garin da in ba ka ji mota na kuka a hanyar Maiduguri ba sai ka leƙo ka ga ko lafiya.

Ana gama tsinka sanyi ya fara sauka. Ba irin namu ba da za ka ja bargo ka yi masa dariya. Wannan yana shiga haƙori. Mai gona ya ce zai rufe kwantena, ban kuma san inda zan sa kaina ba. Ana cikin haka wata tsohuwa ta zo sayen ragowar tuffa a wata mota da ta girme ni. Na ɗora mata buhu, ta ce na iya faskare? Da Turancin Ingilishi ta yi tambayar. Nawa na aji uku ne, nata na tsofaffi, muka haɗu a tsakiya. Na ce Madam, har itacen da bai yi laifi ba ina faskarawa. Ta ce in shiga mota. Ita ce Madam Odil.

Daga nesa, gaskiya, abin sha'awa ne. Ka bi wata 'yar hanya tsakanin itatuwa, sai ga hasumiya kewayayya kamar rumbu, amma rumbun da ya kai tsawon bene huɗu, da hula mai tsini ta baƙin dutse. A jikinta an manna wani dogon gida mai manyan tagogi. Irin wannan gini su shato suke ce masa. Na ce a raina, Idi, ƙwallo ba ta yi ba, amma ga fada. Sai da muka matso iska ta juyo.

Kududdufi ne ya zagaye gidan. Ba wai ruwa ya zo ya same shi ba, da gangan aka haƙa shi tun zamanin yaƙi don kada abokan gaba su iso bango. Ruwan kore, mai kauri, kamar miyar kukar da aka manta da ita a bayan murhu. A unguwarmu ta Ngojin in kududdufi ya kai haka sai an je wajen mai unguwa. Nan kuwa Madam ta tsayar da mota a tsakiyar gada, ta sauke gilashi, ta ce in dubi kyau. Na duba da baki a rufe.

Ciki ya fi waje sanyi. Bango yana gumi. Duk inda ka dafa, danshi ne ko gansakuka. A falo an jera kawunan aladen daji da na barewa da idanun gilashi, gashinsu yana zuba, suna kallonka kana cin abinci. Akwai kare mai suna Gaston, suna kamar na ma'aikacin banki, a gadonta yake kwana, in ta gama cin abinci ta ajiye masa farantin ya lashe, gobe a sa wa baƙo a ciki. Ranar da na ga haka na ware farantina na ɓoye a ƙarƙashin filo. Ta kawo mini cuku mai fumfuna shuɗiya a cikinsa, na ce Madam wannan ya lalace, ta ce ai a hakan ake sayensa, ya ma fi tsada.

Amma kada in ci amanarta. Ba ta taɓa tambayata dalili ba, sai ga ta da sabuwar tukunya da sabon faranti, ta ce nawa ne ni kaɗai, Gaston ba zai gansu ba. Da ta lura kullum ina shiga bayi da gorar ruwa, sai ta sayo mini wata 'yar butar ban ruwan fulawa, koriya, mai dogon baki. Buta ce dai, ko ba ta san ta yi ba.

Ranar Asabar da Lahadi baƙi suna zuwa kallon gidan, ita take zagayawa da su, ni ina biye da makullai. A nan na haddace tarihin. Wai wanda ya fara gina hasumiyar wani jarumi ne mai sulke, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Da na bi labarin a hankali sai na gano sana'arsa. Akwai mashigin kogi a ƙasan tudun, duk mai hayewa da kaya sai ya biya shi, in ka ƙi ya sauko da takobi.

"Madam," na ce, "wannan ai muna da irinsa a hanyar Kano. Katako mai ƙusa suke sakawa."

"Jarumi ne, Idi."

"Su ma haka suke cewa."

Komai na hasumiyar nan don mugunta aka yi shi. Matattakalar tana murɗewa dama kamar dodon koɗi, wai don mai gida in yana sama ya sami sararin sara, mai hawowa kuwa hannunsa ya maƙale a bango. Duwatsun sun lotsa a tsakiya kamar tsohon turmi. Ni da ba yaƙi na zo ba, itacen wuta kawai nake hawa da shi, gwiwoyina duk sun san su. A saman ƙofar shiga akwai rami, wai ta nan ake zubo wa baƙo tafasasshen ruwa. Mu in baƙo ya yi sallama ruwan sanyi ake kawo masa a kofi. Su daga sama suke ba shi nasa, kuma a ka.

Sai ramukan kibiya. Tsaga ce doguwa a bango, daga waje faɗinta bai wuce tafin hannu ba, daga ciki ta buɗe yadda maharbi zai tsaya ya juya. Maharban sun mutu tun tuni, amma iska ta gaji aikinsu. Biyu daga cikin ramukan a ɗakin kwanan Madam suke, don a hasumiya take kwana. Tana cusa musu tsofaffin safa, iska tana turo su. Kullum da safe sai ta sauko tana riƙe da gwiwa.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne masai. Wani ɗan ɗaki ne da ya leƙo daga jikin hasumiya can sama, da dutse mai rami a tsakiya. Babu shadda, babu komai a ƙasa. Mai gida ya zauna, abin ya bi bango ya gangara cikin kududdufi. Har yau ga baƙin layi nan a jikin dutse tun daga sama har ruwa. Kuma nan ne baƙi suka fi cunkoso. Na ga Baturiya da gilashinta da alamar digiri ta durƙusa ta zura kai a ramin tana cewa mijinta ya ɗauke ta hoto. Mutum ya shiga jirgi, ya biya kuɗin ƙofa, don ya leƙa masan wanda ko ƙashinsa ba a san inda yake ba.

Shi dogon gidan daga baya aka ƙara shi, da yaƙi ya lafa. Wani jika ya ga zaman rami ya ishe shi, ya sa manyan tagogi don a san yana da kuɗin gilashi. Sai talakawa suka yi bore suna sare kan masu sarauta, mai gidan ya tsallake da kayan jikinsa, suka hau da guduma suka farfasa tambarin gidan da ke saman ƙofa. Har yau wurin kamar fuskar da aka yi wa ƙyanda. Bayan nan wani manomi ya mai da falon garken aladu. Na ce Madam, ai ba sai kin faɗa ba. A babban yaƙin duniya sojoji suka zauna suka ƙona ƙofofi don jin ɗumi, su kaɗai ne na ga sun yi abin hankali a tarihin gidan. A ƙarshe kakan mijinta, mai sana'ar maɓallin riga, ya saye shi don a riƙa ce masa babban mutum. Mijin ya rasu ya bar mata gidan, da kare, da bokitai. Rufin dogon gidan yoyo yake ta ko'ina, babban aikina shi ne zubar da bokitai.

Wata rana da safe ta zaunar da ni a kicin.

"Idi, mutanen gwamnati za su zo, masu kula da tsofaffin gine-gine. In abin da suka gani ya gamsar da su, za su gyara rufin. In haka ta faru akwai aiki har bazara, ɗakinka na nan, kuma zan nemi wanda zai taimaka a kan takardunka. In ba su yarda ba, ba zan iya riƙe gidan ba, balle kai."

To kun ji inda maganar take. Ko in yi sanyin nan a ɗaki mai murhu, ko in yi shi a titi.

Ta ɗauko wani makulli ta hau da ni can ƙololuwar hasumiya, ɗakin da ba ta buɗe wa baƙi. Ta ce wannan shi ne abin da za su zo gani, shi ne zuciyar gidan. Ta buɗe taga. Na duba bango. Dabbare-dabbare ne ja da ruwan ƙasa, kamar bangon tashar mota inda masu cin goro suke tofi.

"Ka ga barewar?" Ta nuna wani tabo. "Ga karnuka suna bin ta. Ga kuma matar, da tsuntsu a hannunta. Tun zamanin jarumin aka zana."

Na ƙura ido har hawaye ya zo. Danshi kawai na gani. Amma tsohuwa ce, kuma ni take ciyarwa, sai na ce, "Na gani, Madam. Barewar har da ƙiba."

Ta yi ajiyar zuciya ta shafa iska kusa da bangon. "Dubi yadda ya lalace. Wallahi kunya nake ji su gan shi haka." Ba wallahi ta ce ba, amma fuskarta ta faɗa.

Washegari 'yarta ta zo ta ɗauke ta zuwa birni a duba gwiwarta a asibiti. Ta ce za ta dawo ranar da baƙin za su zo, tare ma za su iso. Ta bar mini makullai da Gaston.

Na zauna na yi tunani irin na mai hankali. A Potiskum in manyan baƙi za su zo, me ake yi? Ana jiran wani ya ce a yi fenti? Kafin gari ya farga an shafe duwatsun bakin titi da fari, an yi wa itatuwa farin wando har ƙugu, ramin da ya shekara yana cin tayar keke napep an cike shi. Ko suna za a yi a gidanku sai an yaɓe inda ya tsage. Balle baƙin da rufin gida da makwancina ke hannunsu. Ga mata ta faɗa da bakinta kunya take ji. Ga ni da sana'a a hannu.

Na kira Malam Issufu in tambaye shi wane fenti ne ke kama dutse.

"Ta ce ka yi?"

"Baba, sai an ce? Ba-zata zan yi mata."

"Ɗan Najeriya, mutanen nan tsohon abu suke so. Ka bar musu kayansu."

"Ba wanda ke son datti, Baba. Rashin mai gyara ne."

Ya ce, "To Allah ya sa in ji alheri," irin yadda ake faɗa wa wanda ya hau babur babu birki.

Da ɗan abin da na samu a gonar tuffa na je shagon ƙauye na sayo siminti, da fenti, da rola, da burushin ƙarfe. Ku riƙe wannan, da gumina aka yi. Na jido a baro.

Na fara da waje. Na kankare gansakukar da ke bangon gaba har dutse ya fito tsirara. Tambarin nan da talakawa suka farfasa na hau tsani na shafe shi da siminti ya yi sumul. Duwatsun bakin hanya fari, itatuwa fari har ƙugu, tun daga titi har gada. Ƙofar shiga, wadda itacenta ya yi baƙi kamar gindin tukunya, na ba ta shuɗi mai ƙyalli. Ramukan kibiya na toshe su ɗaya bayan ɗaya, na fara da na ɗakinta, na cire safar na jefar. Baƙin layin masai kuwa tsanina bai kai ba, shi ne kaɗai abin da ya tsere mini, kuma har yau yana ba ni haushi.

Sai ɗakin sama. Na ba shi fari hannu biyu. Da ya bushe na tsaya na ce, matar nan zane take so a nan, bai kamata in bar ta da farin bango ba. Na tuna Oga Modu. Na zana zaki, cikakke, da gemu da haƙora, ƙafarsa ɗaya a kan dutse. Sama na sa mikiya ta buɗe fiffike. Baya rana tana faɗuwa ja da ruwan lemo, da bishiyar dabino biyu. Mace ce ban iya ba, ni fuskar mutum kullum sai ta fito kamar ta direban da aka kama. Maimakonta, a ƙasa, da harafi mai inuwa irin na bayan tirela, na rubuta SAI MADAM. Na ja baya na duba. Da a gareji ne da direbobi sun yi layi.

Ranar da za su zo na yi wanka, na sa rigar ƙwallona, har Gaston na watsa wa ruwa ba don ina sonsa ba. Na tsaya a bakin gada.

Motar ta shigo a hankali, tana ƙara rage gudu a kowace bishiya. Suka fito. Wani dogon mutum da mayafi a wuya, da wata mata mai gajeren gashi da kyamara, sai Madam da sanda. Ba wanda ya amsa gaisuwata. Dogon ya je ya tsaya gaban shuɗiyar ƙofa ya cire gilashinsa, ya goge, ya mayar. Ya ɗaga kai inda tambari yake. Matar ta sa yatsa a simintin ramin kibiya. Na ce a raina, kun ga aiki.

Madam ta wuce ni. Ta nufi matattakala, da gwiwar nan tata, ko hutawa ba ta yi ba har sama. Muka bi ta.

Shirun da aka yi a ɗakin nan ya fi na ƙauyen tuffa. Dogon ya nemi wuri a ƙasa ya zauna, da wandonsa mai tsada. Matar ta ɗaga kyamara ta sauke ba ta ɗauka ba.

"Idi," in ji Madam, a hankali. "Ina barewar?"

"Zaki ya fi ta kwarjini, Madam."

"Matar fa?"

"Ban iya fuska ba. Amma ga sunanki nan."

Ta daɗe tana kallon rubutun. Ta tambaye ni ma'anarsa, na ce yana nufin babu kamarta. Ta gyaɗa kai.

Mai kyamara ta juyo gare ni da Turanci. Wane irin fenti na sa a ƙasa, na ruwa ko na mai?

"Na mai, Hajiya. Mai kyau. Damina goma ba ta ɗaga shi."

Ta rufe ido. Ta ce za a kawo ƙwararru su cire shi da 'yar reza da auduga a tsinke, irin ta goge kunne, kullum wurin da bai wuce tafin hannu ba, kuma ba tabbas abin da ke ƙasa zai fito da rai. Nan ne raina ya ɓaci da gaske. Ƙarti da albashi za su shekara suna sosa bango da abin goge kunne, don su dawo da tofin goro. Duk da haka na danne zuciyata, na ce in dai cirewa suke so, a ba ni fetur da burushin ƙarfe, kafin la'asar na gama musu.

Dogon ya miƙe tsaye. Ya fara magana da Faransanci da sauri yana nuna ni, na tsinci kalmar takarda da kalmar 'yan sanda, waɗannan biyun kowa ya iya su. Madam ta buga sandarta a ƙasa sau ɗaya. Ta yi magana gajeriya. Dogon ya sauke hannunsa. Suka sauka, suka shiga mota, ko ruwa ba su sha ba.

A kicin ta gaya mini abin da ta ce musu. Ta ce ita ta sa a yi, tsufa ne ya taɓa mata kai, ni baƙonta ne kawai na riƙe mata tsani. Maganar rufi an jingine ta sai an gyara ɓarna. Masu gyaran kuma za su fara zuwa cikin satin, da mutanen ofis suna shige da fice.

"Ba za su same ka a nan ba, Idi. Ka haɗa kayanka."

Na so in yi gardama. Na so in ce mata ko sau ɗaya ba wanda ya ce sannu da aiki. Amma na fasa, na je na ɗauko jakata, da tukunyata, da butata.

Ita ta kai ni tasha da kanta. Muka bi ta tsakanin fararen itatuwan nan. A bakin jirgi ta buɗe bayan mota ta ciro wata ƙatuwar kwat ta mijinta, tana warin gidan, warin danshi da kare. Na sa. Me zan yi?

"Madam, yanzu duk aikin nan fasa shi za su yi?"

"Duka. Ƙofar, da itatuwan, da zakinka."

"Har ramukan?"

Ta gyara mini wuyan kwat ɗin, ba ta dube ni ba. "Na gaya musu su fara daga sama su sauko. Na ɗakina su bar su sai ƙarshe, bayan sanyi ya wuce. Ɗazu da na shiga ɗauko kwat ɗin nan na tsaya a ciki. Tun da aka kawo ni gidan ina amarya ban taɓa jin ɗakin nan babu iska ba."

Jirgi ya zo na shiga.

Sanyin nan a ƙasan ɗakin Malam Issufu na yi shi, kaina a jikin ƙofa, iska tana shigowa ta ƙarƙashi tana cin kunnena, har lokacin da wata ƙungiya mai mayar da irinmu gida ta sa ni a jirgi. Ita kuwa Madam ta yi nata sanyin da ɗumi, ita da karenta, a bayan simintina.